Jinin Ramatu

Ranar Laraba, 14 ga Nuwamba 1984, da hantsi, Hajiya Delu ta faɗo gidan ɗanta Tanimu a unguwar Harobanda ko sallama babu. Matarsa, ɗiyata Ramatu, tana gasa wa jaririnsu Isa ƙafafunsa da suka kumbura, yana ta tsala ihu.

"Tattara kayanki!" in ji Hajiya. "Amosanin jini ne, daga gidanku kika kwaso mana shi. Mu danginmu ko ciwon kai ba ya kwana!"

"Inna, ki bari ya samu sauƙi..."

"Ni ba innarki ba ce!"

Ba ta tsaya nan ba. Washegari a layin rabon jar dawar agaji, gaban matan unguwa da sojojin da ke tsare buhuna, ta ce jinin gidana ruɓaɓɓe ne. Aka daina amsa gaisuwar Ramatu.

Hajiya ta ce da Tanimu, "Ko ka sake ta, ko ka nemi wata uwar."

Ya durƙusa. "Inna, ki ba ni sati guda. A yi mana analiz, awon jini, ni da ita."

"Kai kuma me za a auna maka?"

Ranar sakamako Ramatu ta riƙe hannun rigarsa tana kuka. "In ni ce fa?"

"To ke ce. Ina zan je?"

Likita ya shimfiɗa takardu biyu. "Bon. Madam tana ɗauke da rabin ciwon, maigida ma rabi. Ciwon ba ya fita sai yaro ya gaji duka biyun. Kuma rabin nan ba abin kunya ba ne. Shi ya kare kakanninku daga zazzaɓin sauro, suka rayu suka haihu, shi ya sa ya yaɗu."

Tanimu ya kai wa uwarsa takardarsa da kansa. Ta juya masa baya. Sai bayan wata uku ta aiko wa Isa bargo, a ɓoye.

Auren yana nan, Isa ya shiga lakwal, makarantar boko. Haƙurin Ramatu ya biya ta. Yara, ku auna jini kafin aure, kada ku zargi kowa da gadon da bai zaɓa ba.

Amma ni shekara talatin na yi ina koyarwa, ban taɓa karɓar gyara a ɓoye ba. Bargo ba ban haƙuri ba ne. Hajiya Delu, ki tsaya ƙofar mai unguwa ranar Juma'a bayan salla, ki ce da babbar murya: "Ramatu, na yi miki ƙazafi, ki yafe mini."