Tatsuniyoyi Biyar na Inna Hajara

Na fara ganin Muzzammil ne a ɗakin kwamfuta na makarantarmu da ke Kalgo, ya riƙe ɗan filas na ajiye fayilolin kwamfuta a tafin hannu kamar mai tallafe da ƙwai.

"An ce ke ce Rumaisa mai buɗe abin da ya ƙi buɗuwa."

"Ba a yi maka ƙarya ba," na ce, ko ɗagowa ban yi ba.

Malamin firamare ne daga Gwandu. Tsohuwar kwamfutarsa mai aiki da tsarin Linux ta mutu, amma kafin nan wani mai gyara ya kwashe masa diskinta dungurungum cikin fayil guda, abin da muke kira imej. Sabuwar tasa Windows ce, ba ta gane yadda Linux ke jera fayiloli. A ciki kuwa akwai muryar mahaifiyarsa, marigayiya Inna Hajara, tana ba jikoki tatsuniyoyi goma sha huɗu.

Aikina na shekarar ƙarshe ke nan, manhajar da za ta karanta irin wannan imej a kowace kwamfuta. Ƙa'idar farko da aka koya mana ita ce a kwafi imej, a yi aiki a kan kwafin. Na san ta sarai. Amma yana tsaye a kaina, ni kuma ina so ya ga gwanintata nan take. Na saki manhajata da ba ta gama nuna ba a kan abin da ba shi da na biyu. Ta yi rubutu inda bai kamata ba, komai ya ɓace.

"Da ma a lalace aka kawo shi," na ce. "Bar min, zan gwada."

Ya yi ta godiya. Da marina ya yi, da ya fi min sauƙi.

Duk Asabar sai ya hawo babur ya zo jin labari, da fura a kwano. Tun yana tambayar fayil har ya koma tambayar lafiyata.

"Tauraruwata, kar ki wahalar da kanki. Ko ba a samu ba, ni na samu," ya rubuto min.

"Malamina, sai na samo ta," na amsa.

Wata bakwai na yi. Na rubuta sabuwar manhaja mai bin imej ɗin lungu-lungu tana neman alamar fayil na sauti, na gwada ta a Windows, na gwada a Linux. Ƙawaye suka yi min dariya, malamin da ke duba aikina ya ce in canja aiki. Na ƙi. A ƙarshe na tsamo tara. Biyar kuwa manhajata ta farko ta taka su, ba za su dawo ba.

Mahaifinsa, Malam Zubair, tun farko ya ce ba ya son 'yar boko mai ɗaga kai a matsayin suruka. Amma da ya ji muryar matarsa, sai ya yi hawaye, ya ce a je neman aurena.

"Baba ya yarda! Ya ce ke ce kika dawo mana da Inna."

Na karanta saƙon Muzzammil. Da ƙaryata za a ɗaura min aure.

Na sa Goggo Jummai, ƙanwar babana, ta raka ni Gwandu. Tana ta faɗa a mota: "Wace budurwa ka zuwa gidan surukai da ƙafarta? Ke dai ba ki da kunya!"

Na durƙusa gaban Malam Zubair, Muzzammil na gefe.

"Baba, lafiya lau aka kawo min fayil ɗin muryar Inna. Ni na lalata shi da gaggawa da son a yabe ni. Biyar da babu, ni na ɓatar."

Muzzammil ya miƙe. "Wata bakwai kina kallon idona, Rumaisa?" Ya fice.

Tsohon ya daɗe yana jan carbi. "Wa ya tilasta miki faɗi, ɗiyata?"

"Ba kowa."

"To, tashi ki koma gida."

Sati uku ba kira, ba saƙo. Ban roƙe shi ba. Na yi kukana, na ci gaba da zuwa aji. Ranar wata Laraba da hantsi wayata ta yi ƙara.

"Na yi fushi, Tauraruwa, har yanzu ma da saura. Amma Baba ya ce ya fi son surukar da ke faɗin laifinta alhali ba mai kama ta. Shekara talatin yana jin tatsuniyoyin nan, ya tuno huɗu daga cikin biyar ɗin da suka ɓata. Ya ce ke za ki ɗauki muryarsa, a matsayin matata. Kin yarda?"

"Na yarda, Malamina. Ka yafe min."

Bayan babbar salla aka ɗaura auren a Gwandu. Da aka kai ni gaishe shi, Malam Zubair ya ɗora hannu a kaina.

"Ta biyar ɗin ta tafi da mai ita, mun bar wa Allah. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'ar da za ta saurari sauran."

Muzzammil ya ce amin, ni ma na ce.