Ranar Da Tire Ya Tsallake Dogo

Auta na tsaye a falo tana goge rigarta ta mawaƙan coci, sai Baba ya cire tabarau ya ɗora a kan Littafi Mai Tsarki.

"Maganar bakaniken nan, ki cire ta daga ranki."

"Baba, Dogo fa ya tuba! A gabanka aka yi masa baftisma—"

"Ruwa ya shiga, ruwa ya fito! Allah ya zaɓi nasa tun kafin ya kafa duniya, ya san su, ya ƙaddara musu ceto. Uban yaron nan da kwalba a hannu ya mutu, wansa na gidan yari. Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe? Ba ya cikin zaɓaɓɓu, kuma ba zan ba shi 'yata ba."

Sai ƙaurin ƙuna ya tashi, dutsen guga ya cinye wuyan rigar. Auta ta fashe da kuka.

Baba dattijon ikilisiya ne, ba ya ƙarya, ba ya cin hakkin kowa. Amma irin mutanen nan ne da in sun haddace aya biyu sai su ɗauka da su aka yi shawara a sama.

Ran Lahadi aka yi Jibin Ubangiji. Dattawa ne ke bin layi-layi da tiren gurasa da ƙananan kofuna, sai layin Dogo ya faɗo hannun Baba. Auta na kallo daga kujerun mawaƙa. Dogo ya kankare baƙin mai daga farcensa tas, ya miƙa hannu yana sunkuye. Baba ya ba na damansa, ya ɗaga tire sama, ya ba na hagunsa. Hannun ya tsaya a iska. Dogo ya yi kamar zai sosa kai, sannan ya cusa hannun a aljihu. Auta ta daina waƙa.

Daga ranar ba a sake ganinsa a coci ba, waya ma ba ya ɗauka.

A gareji ta same shi, ƙafafu kawai ake gani a ƙarƙashin wata tsohuwar mota. A kan bencin kayan aiki, tsakanin sifanoni, ga kwalbar giya ba a buɗe ba.

"Fito, malam! Mene ne wannan?"

Ya turo kansa waje. "Sori, Auta. Kallonta kawai nake yi. Amma faɗa min, in Allah ya riga ya san ni ɓatacce ne, wahalar me nake sha? Motar da aka ƙera ba birki, ko wa ya tuƙa ta rami za ta."

"Kai ka ga takardar ƙirar taka?"

"Babanki ya gani."

"Babana ba ya nan aka yi! Dogo, wa ya ja ka zuwa coci? Ni dai ban san ka ba a lokacin. Wa ya sa ka ji ƙyamar abin da ubanka ya so? Da Allah bai fara neman ka ba, da ba za ka ji zafin rasa kofin nan ba. Gawa ba ta jin ƙishirwa!"

Idonsa ya kaɗa. "To mu je kotu a ɗaura, mu huta."

"A'a. Ba zan shiga gidanka ta taga ba. Zan jira. Kai kuma ka mayar da kwalbar nan inda ka samo ta."

Ya mayar. Amma jiran bai zo da sauƙi ba. Auta ta rame har zobe na zamewa daga yatsarta. Ƙawaye na cewa, "Ke dai siriyos kike? A kan mai warin fetur?" Ba ta tanka, ba ta kuma taɓa ɗaga wa Baba murya ba.

Mama ce haƙurinta ya ƙare. Suna da babban ɗa, Yaya, wanda ya tashi a coci ya kuma watsar, yana can wani gari yana sheƙe ayarsa. Kowace safiya Baba sai ya durƙusa ya yi kuka a kansa. Wata safiya yana cewa amin, Mama ta tare shi.

"Baban yara, tunda kai ke riƙe da sunayen zaɓaɓɓu, duba min, ɗana yana ciki?"

"Wace irin magana ce wannan? Allah kaɗai ya sani!"

"Au! A kan naka Allah kaɗai ya sani, a kan ɗan wani kai ma ka sani? In zaɓe gado ne, me ya fitar da namu? In yaron nan ya dawo gobe ya miƙa hannu, wani dattijo ya ɗaga tire ya wuce shi, ka ce me?"

Auta na bakin ƙofar kicin, tana jin komai. Baba ko shayi bai sha ba ya ɗauki hula ya fita. Ta bi shi daga nesa har bakin gareji.

Dogo ya miƙe a razane. "Barka da zuwa, Baba. Mota ce ta lalace?"

"Ni ne na lalace, ɗana. An ba ni aikin rabawa, na je na hau kujerar Mai zaɓe. Ka yafe min." Ya kama hannun nan mai baƙin mai da hannu biyu, har ya ɓata farar rigarsa. "Ka turo manyanka."

"Baba, ba ni da manya."

"To ga ni. Sai in roƙi kaina, in ba kaina!"

Auta ta jingina da bango tana dariya tana kuka.

An ɗaura aure, Yaya kuwa har yanzu ana yi masa addu'a. Ku ji, 'yan'uwa: zaɓe na Allah ne, alheri ne tsantsa, ba a gadonsa, ba a kuma karanta shi a goshin mutum. An faɗa mana shi ne don mai tuba ya kwantar da hankalinsa, ba don mu tsaya a bakin ƙofa muna kora ba. Mai haƙuri kuwa, ko dutse ya dafa zai sha romonsa.