Baƙuwa a Ƙauyen Masaƙa Tabarma

A can wata ƙasa ta gabas mai yawan ruwa, akwai wani ƙauye da ake saƙa tabarma da ciyawar fadama. Wata rana wata baƙuwa ta zo kallo, aka kai ta wurin tsohuwar da ta fi kowa iya saƙa.

Da tsohuwa ta fita ɗebo mata ruwa, sai baƙuwa ta ɗauki jar ciyawa ta gwada saƙa a tabarmar da tsohuwa ke yi. Ta cusa ta a karkace, adon tabarmar ya lalace.

Tsohuwa ta dawo, ta daɗe tana duba. Ta ce, "Ni na yi wannan?"

Baƙuwa ta yi shiru.

"Shekara sittin ban taɓa kuskurewa ba. Ashe idona ya tafi."

Tsohuwa ta naɗe saƙar, ta ce ta daina saƙa ke nan.

Kwana uku baƙuwa ta kasa cin abinci. Ta koma ta faɗi gaskiya tana kuka.

Tsohuwa ta yi murmushi, ta ce, "Kina da kirki, 'yata. So kike ki sanyaya mini rai."

Ba ta yarda ba, kuma ba ta sake saƙa ba har abada.