Washar da Ta Faɗa Cikin Baƙin Mai

Baban Auta yana da wani tsohon babur. Babur ɗin ya girmi Auta nesa ba kusa ba. Idan aka zo tayar da shi, sai ya yi tari, ya yi atishawa, sannan ya ga dama ya tashi. Amma da shi Baba yake kai burodi shaguna. Da shi gidan yake ci.

Baba yana da ciwon baya, durƙuso yana ba shi wuya. Don haka duk ranar juyen mai, Auta ce take shiga ƙarƙashin babur. Tana son aikin, amma ba ta son kowa ya sani.

Wata ranar Lahadi da yamma, suka fito ƙofar gida da tsohuwar roba da sifana. Baba ya sassauta notin da yake ƙasan inji. Auta ta ƙarasa kwance shi da yatsu. Baƙin mai ya fara zuba cikin roba.

"Ki kula da 'yar washar nan da take jikin notin," in ji Baba. "Ita ce take hana mai yoyo."

"Na sani, Baba."

Sai Mama ta kira shi daga cikin gida. Ya ce wa Auta, "Idan ya gama tsiyaya, ki mayar da notin da hannu. Ni zan zo in ɗaure."

Yana shiga, washar ta suɓuce daga hannun Auta. Tsulum! Ta nutse cikin baƙin man.

Abin da sauƙi. Abin da za ta yi kawai shi ne ta sa hannu ta lalubo, shi ke nan. Amma daidai lokacin sai ta hango 'yan ajinsu biyu suna tahowa. Ɗaya ita ce wadda ake kira Rediyo, don bakinta ba ya hutawa.

Auta ta yi maza ta murɗa notin babu washa. Ta goge yatsu, ta miƙe, ta harɗe hannuwa.

"Ke Auta, bakanikiya kika zama?" in ji Rediyo.

"Wa? Ni? Allah ya kiyaye! Ko taɓa wannan akwalar ba na yi."

Suka wuce suna dariya. Tana juyowa sai ta ga Baba tsaye a bakin ƙofa. Ya ji komai. Kunya ta rufe Auta.

"Kin sa washar?" ya tambaya a hankali.

"Na sa."

Baba ya dafa bayansa, ya sunkuya da ƙyar. Ya lalubi notin da sifana ya ɗaure, bai ko leƙa ba. Sannan ya zuba sabon mai.

Da safe Baba ya yi sammako, don yana da kaya zuwa shagunan bayan gari. Da Auta ta fito za ta makaranta, sai ta ga tabon mai a inda babur ya kwana. Ga kuma ɗigo, ɗigo, ɗigo, ya bi hanya.

Ta san abin da Baba yake yawan faɗa. Idan mai ya ƙare ana tafiya, inji ya ƙone. Idan inji ya ƙone, babu aiki.

A aji, Malama tana koyar da lissafi. Auta tana kallon allo, amma ba ta ganin komai.

"Auta, nawa muka samu?"

"Washa," in ji Auta.

Aji ya kwashe da dariya.

Malama ta matso. "Lafiyarki kuwa?"

Auta ta dubi Rediyo. Rediyo ta riga ta baza kunne. Idan ta yi magana, kafin a tashi duk makaranta ta ji. Idan ta yi shiru, mai yana can yana ɗiga.

Ta miƙe.

"Malama, don Allah ki kira Babana. Ni nake taya shi juyen mai. Jiya ban sa washa ba, na ce masa na sa. Man yana zuba."

Malama ba ta ɓata lokaci ba, ta ciro wayarta. Auta ta faɗi lambar. Waya ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Aka sake kira, shiru. Auta ta fashe da kuka.

Malama ta sake gwadawa. Can sai aka ji muryar Baba, ga ƙarar motoci a bayansa.

"Ka kashe babur yanzu, ka duba mai," in ji Malama. "Saƙon 'yarka ne."

Da aka tashi daga makaranta, Auta ta zauna a ƙofar gida tana jira. Ko abinci ta kasa ci. Sai wajen la'asar ta ji tarin da ta sani daga nesa. Ba ta taɓa jin ƙara mai daɗi kamarsa ba.

Baba ya sauka, rigarsa sharkaf da gumi. Tura babur ya yi a cikin rana, da burodi da komai, har wurin bakanike.

Auta ta durƙusa. "Baba, ka yafe mini. Na yi maka ƙarya. Kuma na ce wa babur akwala."

"Ai akwalar ce," in ji Baba yana murmushi. "Amma tamu ce. Bakanike ya ce man da ya rage bai cika kofin shayi ba. Da kin yi shiru, da yau mun yi bankwana da babur ɗin nan."

Ya ɗago ta, ya share mata hawaye.

"Ki ji, Auta. Baƙin mai a hannu ba abin kunya ba ne, sabulu yana wanke shi. Ƙarya ce abin kunya. Idan kin yi kuskure, ki faɗa da wuri, tun yana ƙarami."

"Na ji, Baba."

"To, tashi ki taya ni sauke akwatin burodi. Bayana ya gaji."

Auta ta naɗe hannun rigarta, ta kama igiya ta fara kwancewa.