Mai Neman Ruwa a Taga

Shekara uku maigidan yana mafarkin motar nan kafin ya mallake ta. Babbar mota ce da aka ƙera wa ɗaki a baya, har da gado da murhu, ga tsayi, sai da tsani ake shiga. Darensu na farko a daji shi da matarsa, ya janye tsanin ciki kamar yadda maƙerin ya koya masa, ya datse ƙofa.

Ko barci bai ɗauke su ba aka ƙwanƙwasa taga. Wani tsoho ne, fuskarsa daf da gilashi, ko sallama babu.

"A taimaka mini da ruwa."

Maigidan ya zuge tagar ya miƙa kofi. Yatsun da suka karɓa sanyi ƙalau, kukan gyare kuma ya ɗauke ɗif. Tsohon ya sha a tsanake, yana ƙare wa ɗakin kallo.

"Ɗaki ya yi kyau. Ku biyu ne kawai?"

Matar maigidan ta damƙe hannun mijinta.

"Baban yara," ta raɗa masa, "jiya sai da ka hau tsani ka iya goge tagar nan. Shi a kan me yake tsaye?"