Makullin Kunnen Auta

Da ƙarfe biyu da kwata na ranar Talata aka bugo waya ofishin 'yan sanda, aka ce an yi sata a shagon kamfanin da ke sayar da na'urar ji, wadda kurame ke maƙalawa a bayan kunne. Sufeto ya ɗauki hularsa, ya kira Saje, suka tafi.

Shagon duk gilashi ne. A bango akwai hotunan yara suna dariya, kowane da na'ura a kunne. Manaja ya tarye su a bakin ƙofa yana goge gumi, duk da sanyin da ke ɗakin.

"Me aka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Makulli, ranka ya daɗe."

"Na ƙofa?"

"A'a. Wani ɗan abu ne da ake sokawa a jikin kwamfuta. Sai da shi manhajar kamfani take buɗewa, a saita wa mutum na'urarsa. Guda ɗaya ne a duk garin nan."

Saje ya dubi sababbin na'urorin da ke jere cikin kwalaye, ya dubi kwamfutoci biyu a kan tebur.

"Wato ɓarawon ya bar duk waɗannan, ya ɗauki abin da bai kai murfin biro ba? Yallaɓai, wannan bai iya sana'arsa ba."

Manaja bai yi dariya ba. Ya ce manhajar mallakar kamfani ce, doka ta hana kowa buɗe ta sai wakilinsu. Wanda ya yi amfani da makullin, laifinsa ya fi na sata girma.

Ya kai su ɗakin saiti, ya nuna durowa. Da igiya ja ake ɗaure makullin a jikin ƙusa, ga guntun igiyar nan yana reto. Sufeto ya kama bakinta ya duba. An yanke ta a karkace, yanka ɗaya, ko zare ɗaya bai tashi ba. A hannun durowar kuma akwai ɗan gari shuɗi. Ya shafa, ya murza a yatsa.

Ma'aikaciyar da ke saita na'urorin, wadda kowa ke kira Anti, tana tsaye a gefe ta harɗe hannu.

"Ke ce ke riƙe da ɗakin nan?"

"Ni ce."

"Yaushe kika fita?"

"Ƙarfe ɗaya, na je cin abinci. Na kulle durowar."

"Kin tabbata?"

"Kullum ina kullewa."

Sufeto ya ja durowar, ya mayar. Ba a ɓalle ta ba, ko ƙarzane babu. Ya dubi Anti. Ita kuwa bango take kallo.

"Wa ya shigo kafin ki fita?"

"Mutane suna da yawa, yallaɓai. Tunda kamfani ya rufe tsohon samfuri, kullum cike muke da iyaye."

"Ya rufe kamar yaya?"

Manaja ya karɓe zancen. Ya ce na'urar tana haɗe da wayar mai ita. Wata takwas da suka wuce kamfani ya aiko da saƙo ta waya cewa wa'adin tsohon samfuri ya ƙare, sai duk suka daina aiki. Mai so ya sayi sabuwa.

"Sun lalace ne?"

"Ba su lalace ba. An dai rufe su."

"Da wannan makullin ana iya buɗe su?"

"A minti biyar," in ji Anti. Manaja ya harare ta.

Washegari Sufeto ya nufi layin masu gyaran waya. Makulli ba ya aiki sai da kwamfuta da wanda ya san kanta, kuma kowa ya san mutum ɗaya ne a layin ke taɓa irin wannan aiki. Ana ce masa Injiniya, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin takardarsa.

"Oga Sufeto! Wayarka ce ta faɗa ruwa?"

"An kawo maka wani makulli jiya."

"Ni? Ni da nake canza gilashin waya? Ko sunan kamfanin nan ban sani ba."

"Ban ambaci kamfani ba."

Injiniya ya sosa ƙeya. Saje ya kai hannu cikin tarkacen da ke kan tebur, ya zaro wata 'yar roba mai taushi, ruwan hoda, irin wadda ake sa wa a ramin kunne. Ƙarama ce ƙwarai, ta yaro.

"Wannan ma ta waya ce?"

"Oga, mutane suna mantuwa da kaya a nan."

"Wa ya manta da ita?"

"Wallahi fuskoki suna da yawa. Amma in gaya maka gaskiya, ko wane ne, ban karɓi ko sisinsa ba. Kuma abin ba ya wurina."

Sufeto ya sa robar a ambulan. Ya ce wa Injiniya kada ya bar gari.

Suka koma shagon kamfanin, suka sami Baba Maigadi a kan bencinsa. Dattijo ne mai furfura, sanye da kakin kamfani.

"Baba, ranar Talata tsakanin ɗaya da biyu wa ya shiga?"

"Ba kowa, ɗana. Ina nan ko gezau ban yi ba."

Sufeto ya zauna kusa da shi. Idonsa ya sauka a kafaɗar rigar. An yi mata faci, ɗinki siriri a jere, kuma a gefen facin akwai ragowar layin alli shuɗi, irin wanda tela ke zana yadi da shi kafin ya yanka.

"Wa ya gyara maka riga, Baba? Hannunsa na da kyau."

Tsohon ya dafe kafaɗar.

"Wani bawan Allah ne," ya ce a hankali. "Duk mako yana zuwa da 'yarsa. Manaja ba ya ganinsa, sai ya zauna nan tare da ni. Ya ga rigata ta yage, ya tafi da ita, ya dawo da ita haka. Ɗana, ka bar maganar nan."

"Ina shagonsa?"

"Ni tsoho ne, ina mantuwa."

"Baba, in ban same shi ba, kai kamfani zai kora."

Baba Maigadi ya kwatanta, yana kallon ƙasa.

Ranar Alhamis bayan ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe suka isa wurin telan. Manaja ya nace sai ya biyo su, wai lauyan kamfani ya ce ya karɓi makullin hannu da hannu.

Shagon ɗaki ɗaya ne a gaban gida, keken ɗinki biyu, yadudduka a rataye. Tela mutum ne siriri, da tef a wuya. A ƙasa wata yarinya 'yar shekara bakwai tana zaune ta ba ƙofa baya, tana jera maɓallai a faranti. Na'ura na maƙale a bayan kunnenta, da 'yar fitila koriya.

"Sannu da aiki," in ji Sufeto. "Wannan ce 'yar taka?"

"Ita ce. Auta."

"An ce na'urarta ta daina aiki."

"Wata takwas ke nan, yallaɓai. Ba ta jin komai. Muna sa mata ne don kada ta saba da rashinta."

"Ranar Talata kana ina?"

"Ina nan, ina ɗinki."

Sufeto ya ɗauki almakashin da ke kan keke, ya juya shi, sannan ya sake shi ya faɗi a kan siminti.

Auta ta zabura ta waiwayo.

"Baba, mene ne ya faɗi?" Maganarta a lanƙwashe take, kamar harshen ya yi nauyi.

Matar Tela ta leƙo daga ƙofar cikin gida, ta ga kaki, ta tsaya riƙe da labule.

Tela ya zauna a kan kujerarsa. Ya jawo durowar keke, ya fito da wata 'yar jaka ta yadi mai laushi, an yi mata zip. Ya miƙa wa Sufeto da hannu biyu.

"Ga shi nan. Na ɗinka masa jaka don kada ya ƙarje. Gobe na yi niyyar mayarwa."

"Faɗa min yadda aka yi."

"Tana da shekara uku muka sa mata na'urar. Keken ɗinkina na uku na sayar, mahaifiyarta ta sayar da 'yan kunnenta. Ranar da ta fara cewa Baba, a nan take zaune. Shekara huɗu tana ji, tana zuwa makaranta. Rannan da safe fitilar ta koma ja. Na ɗauka batir ne. Na je shago, aka ce in sayi sabuwa. Yallaɓai, ko na sayar da shagon nan da abin da ke ciki ba zai kai ba."

Ya dubi yarinyar.

"Ba rashin jin ne ya fi tayar min da hankali ba. Maganar ce take zubewa. Da tana cewa almakashi sarai. Sai ta koma cewa amashi. Watan jiya ta kira ni, ban gane ni take kira ba. Likita ya ce in aka ƙara shekara a haka, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na san abin nan lafiyarsa ƙalau. Na riƙe shi a hannuna, ba abin da ya fashe."

"Wa ya buɗe maka durowa?"

"A buɗe na same ta."

"An ce an kulle."

"A buɗe na same ta, yallaɓai. Ni kaɗai ne. Na yanke igiyar, na kai wa wani ya taimake ni, shi ma bai san daga ina abin ya fito ba."

Sufeto ya rubuta "a buɗe" a littafinsa. Bai ƙara tambaya a kan wannan ba.

Tela ya juya wajen Manaja. "Ranka ya daɗe, ba sayen na'urar nan muka yi ba? Ga rasit ɗina, har yau yana nan."

"Kwanson kuka saya," in ji Manaja. "Abin da ke ciki na kamfani ne, aro aka ba ku. Yana cikin takardar da ka sa wa hannu."

"Shafi arba'in ce, da harshen da ban iya ba."

Wayar Manaja ta yi ƙara. Ya karanta saƙon, ya mayar da ita aljihu, ya sake fito da ita.

"Daga babban ofishi ne. Tun ranar Talata makullin ya aika musu da lambar na'urar da aka buɗe. Za su rufe ta da ƙarfe sha biyu."

Saje ya dubi agogo. Saura minti tara.

"To tun Talata sun sani, muke ta yawo a rana?" ya ce.

"Kira su," in ji Sufeto. "Ka ce an sami makullin, ka ce na'urar shaida ce a hannun 'yan sanda, kada a taɓa ta."

"Ba mutum ba ne a can, ranka ya daɗe. Kwamfuta ce ke yi. Ni kaina ban taɓa jin muryar kowa ba."

"To a kashe wayar da take haɗe da ita."

Matar Tela ta girgiza kai. "Mun gwada, yallaɓai. In ta yini ba ta ga waya ba, da kanta take mutuwa."

Sufeto ya tsaya riƙe da 'yar jakar. Shekara ashirin da biyu yana aiki, ya san yadda ake kama mutum, amma bai san ƙofar da zai buga a wannan magana ba. Ya tuna tasa 'yar, wadda ke cika masa kunne da surutu har ya ce ta yi shiru.

Saje ya ciro ankwa. Sufeto ya ce ya mayar.

"Kana da minti takwas," ya ce wa Tela. "Muna jira a waje."

Suka tsaya a bakin ƙofa. Suna jin Tela ya durƙusa yana nuna mata abubuwa ɗaya bayan ɗaya, tana maimaitawa. Zare. Allura. Maɓalli. Almakashi. Ta ce amashi, ya sake faɗa, ta ce almakashi, ta yi dariya. Ya taka keken ɗinki don ta ji ƙararsa. Ya sa uwar ta kira sunanta sau uku. Sannan ya ce mata zai yi 'yar tafiya, ta riƙa yi wa Mama magana kullum, ko da ba ta jin kanta.

Ya fito da kansa, ya cire tef ɗin wuyansa ya rataye a ƙusa. Saje ya buɗe masa ƙofar mota.

Kafin ya shiga ya waiwaya. Auta ta koma kan maɓallanta, ta ba ƙofa baya.

"Auta," ya kira.

Ba ta juyo ba.

"Auta!"

Daga inda Sufeto yake tsaye yana hango 'yar fitilar a bayan kunnenta. Ta koma ja.

Tela ya shiga mota ya zauna, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Manaja ya sa hannu a takarda ya karɓi makullinsa, har da jakar.