Tikitin Alhaji Badaru

A ƙofar gabas ta filin ƙwallon wata ƙaramar kwaleji a garin Greensboro na Amurka Khairiyya ta fara ganinsa. Aikinta ke nan duk Asabar, ta tsaya da na'ura a hannu tana haska tikitin masu shiga. Sai dai masu shigar ba su da yawa. Fili ne na mutum dubu goma, amma har wata tsuntsuwa ta yi sheƙa a ƙarƙashin kujera a layi na sha huɗu, ta gama renon 'ya'yanta babu ƙafar da ta dame ta.

Ya zo a guje da hular wasa a hannu, ya ɓata hanyar ɗakin 'yan ƙwallo. Ya dubi mayafinta ya ce, "Sannu da aiki. Ko ba Bahaushiya ba ce?"

"Bahaushiya ce, amma ba ta barin mutum ya wuce babu tikiti."

"Ai ni ne abin kallon."

Ta waiwaya ta dubi kujeru wayam. "To, Allah ya kawo masu kallo."

Sunansa Rabiou, ɗan Maraɗi, karatu ya kawo shi. A gida ƙwallon ƙafa ya sani, a nan kuma aka ba shi wannan ƙwallon Amurkawa mai siffar gwanda, aikinsa kawai ya harba ta da ƙafa in an kira shi.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Mai ƙofa, yau na harba sau uku, mutum ɗaya nake so ya gani."

Ta amsa: "Ta gani, ɗan Maraɗi. Ita da tsuntsuwa."

Daga nan sai kullum. Yana ce mata Sheri, wato masoyiya da Faransanci, tana ce masa Ƙafar Zinariya. Wata rana ya tambaye ta abin da ya sa mutane suka daina zuwa.

"Duk wanda ya zo ya faɗa min," in ji ta. "Ka sha rana, ka nemi wurin fakin ka rasa, ana cikin wasa a tsaya minti uku ana jiran talla ta ƙare a talabijin. Na gida kuwa yana kwance a sanyi, ana maimaita masa komai. Wa zai zo?"

"Babanki," in ji shi. "Ina so ya gan ni kafin in turo manya."

Mahaifinta Alhaji Badaru, mutumin Kano, yana da kantin kayan abinci a Gate City Boulevard. Bai iya waya ba, don haka komai sai Rilwanu, ɗan amininsa, wanda ya daɗe yana son Khairiyya ita ba ta sonsa. Rilwanu yana da falo a bayan garejinsa, da talabijin kamar bangon ɗaki, nan samari da dattawa ke taruwa kallon ƙwallo duk Asabar.

Rabiou ya tura tikiti, Rilwanu ya ce zai saka wa Alhaji a waya. Ranar wasa Alhaji ya sha babbar riga mai aiki, ya ja abokansa biyu, ya nufi ƙofar yamma. Aka haska wayarsa, na'ura ta yi ja. Aka sake, ta yi ja. Mai gadi ya ce ya matsa gefe. Dattijo ya tsaya a rana yana zufa, wani mutum sanye da kayan zakara yana yi wa yara rawa a gefensa. Sai ga motar Rilwanu, kamar dama jira take.

"Baba, shigo mu tafi, ga sanyi ga shayi. Haka yaran nan suke."

A gida Alhaji ya ce, "Yaron da ya tsayar da ni a ƙofa kamar ɓarawo? Wanda ko kare ba ya zuwa kallonsa? Kada in ƙara jin sunansa."

Saƙon Rabiou ya zo: "Sheri, wallahi tikitin gaskiya na tura."

Ba ta amsa ba. Kwana huɗu ba ta amsa ba. A na biyar Alhaji ya miƙa mata wayarsa ta duba masa lokacin salla, ta ci karo da abin. Ba tikiti ba ne, hoton tikiti ne. Tikitin gaskiya alamarsa canzawa take kowane ɗan lokaci, hoto ba ya shiga. Rilwanu ya sani sarai, ita da bakinta ta taɓa faɗa masa.

Ta same shi a gareji. "Yaya Rilwanu, hoto ka saka wa Baba."

Ya goge hannu yana dariya. "To ki je ki yi masa bayanin alamar da ke canzawa mana. Ranar Asabar babban wasa, kowa na falona. Rago biyu zan gasa. Ki zo, in ajiye miki kujera."

Ba ta yi kuka ba. A mota ta rubuta: "Ƙafar Zinariya, ka yafe min. Rilwanu ne ya tsayar da ubana a rana, ni kuma zan zaunar da shi a sanyi shi kaɗai."

Ta je wurin Malachy, shugabanta a wurin aiki, mutumin da kujeru wayam suka hana sukuni. Ta ce in zai buga mata tikitin takarda ɗari uku, ya ba ta inuwar bayan kujerun 'yan kallo ta shimfiɗa tabarmin salla, za ta cika masa ɓangaren gabas. Ya buga a ranar.

Rilwanu ya jefa gayyatarsa a guruf, kamar kullum. Khairiyya kuwa ta faɗa wa mahaifiyarta Hajiya Larai komai. Hajiya ta ɗaure fuska, ta ɗauko jakarta, ta ce, "Mijina aka wulaƙanta? Sayo goro."

Kwana uku suna gida-gida, daga Pleasant Garden har McLeansville. Su yi sallama, su zauna, su gaisa har da tambayar mutanen gida, sannan Hajiya ta ajiye goro biyu da takarda. Mutum yana iya cewa bai ga saƙo ba. Amma wanda aka tako ƙafa aka zauna a falonsa aka ba shi goro, ba shi da bakin cewa komai sai "in sha Allahu".

Asabar da rana Alhaji ya ga abokansa duka a ƙofar kantinsa. "Alhaji, iyalinka suka gayyace mu, kai kuma ka zauna?" Dole ya shiga mota.

A ƙofar gabas 'yarsa ta karɓi takardarsa, na'ura ta yi kore. Sannan ta nuna masa hoton da ke wayarsa ta haska, ta yi ja. "Baba, wannan Yaya Rilwanu ya saka maka." Alhaji ya dubi ja, ya dubi kore. Ya karɓi wayarsa ya shige.

Gabas ta cika da atamfa da shadda, mata na guɗa, masu busa na kwaleji suka juyo suna yi musu. A hutun rabin lokaci aka yi salla a inuwa. Babu wanda ya gane wasan. Da ya rage daƙiƙa uku aka kira Rabiou. Ya ja baya, ya harba, ƙwallo ta tashi ta wuce can saman sanda.

Mutum ɗari uku suka dafe kai. "Kash! Ya ɓarar!" Alhaji ya miƙe tsaye yana cewa, "Haba yaro, ƙasa-ƙasa ake bugawa!"

Sai suka ga sauran fili na tsalle, 'yan wasa sun ɗaga Rabiou sama.

"Baba," in ji Khairiyya tana dariya da hawaye, "a nan ta sama ake so. Ya ci."

Alhaji ya zauna a hankali. "Ikon Allah. Ashe ni ne ban san ƙa'ida ba, tun daga ƙofa." Ya gyara hularsa. "Ki ce ya turo manyansa."

A can falon Rilwanu kuwa, rago biyu suka huce a gaban kujeru arba'in, talabijin na nuna masa fuskokin baƙinsa ɗaya bayan ɗaya.

An ɗaura aure a bazara, a wani fili mai ciyawa a McLeansville. Kowa goro aka kai masa har gida, ban da mutum ɗaya. Shi amarya ta tura masa saƙo: "Yaya Rilwanu, ga hoton katin. Ka kalla daga gida, akwai sanyi."

Rabiou ya leƙa wayar ya ce, "Sheri, ya isa haka."

"Yanzu ya isa," in ji ta, ta kashe wayar.

Alhaji Badaru ya ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga. Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su zuriya mai albarka, ya sa gidansu kada ya taɓa rasa masu sallama.